Wa ke ganin abin da ke cikin waya? Ra'ayoyin majalisa bakwai a kan sikelin hujja

Da wuya a yi zaman majalisa a Kano ko Gusau ko Maiduguri a watse ba a taɓo zancen waya ba. Wani zai rantse cewa jami'an tsaro na karanta duk saƙon da aka tura a WhatsApp. Na kusa da shi zai ce tun da ya sa VPN, ko aljani bai san inda yake ba. Wani kuma ya ba da labarin yadda ya ambaci takalmi a hira da safe, da yamma sai ga tallar takalmi a Facebook. Cikin raha ake irin waɗannan maganganu, amma a kansu mutane ke yanke shawarar abin da za su rubuta, da wanda za su kira, da abin da za su bari a waya.

Ga matashin da ke sukar gwamna a intanet, ko mai shirya gangami, ko ma'aikacin da ke son tsegunta wa ɗan jarida wata badaƙala, kuskure a wannan fage yana da tsada. Wanda ya ɗauka ana ganin komai zai kame bakinsa ko a inda doka ta ba shi damar magana. Wanda ya ɗauka ba a ganin komai zai saki jiki a inda ya kamata ya yi hattara. Wannan bayani ya ɗauki bakwai daga cikin ra'ayoyin da aka fi ji, ya auna kowanne da yadda na'urorin suke aiki da kuma abin da ya riga ya faru a Najeriya.

Lambobi uku da bayan ambulan

Kafin a shiga ra'ayoyin, akwai abubuwa biyu da fahimtarsu ke warware sauran.

Na farko, kowace waya da ke kan sabis tana tafe da lambobi uku. Akwai lambar layi, wadda kowa ya sani. Akwai lambar da ke cikin katin sim, wadda ake kira IMSI, da ita kamfanin sadarwa ke gane mai layi. Sai lambar jikin wayar kanta, IMEI, mai alƙaluma 15, wadda ke fitowa idan an danna *#06#. Waya mai ɗaukar layi biyu tana da IMEI biyu. Muddin waya na kunne da layi a ciki, tana sanar da ƙarfen sabis mafi dacewa da ita cewa ga ta nan, domin ta haka ne kira zai same ta. Saboda haka kamfanin sadarwa yana sane da yankin da waya take. A birni, inda ƙarafunan ke kusa da juna, ƙiyasin kan matso sosai. A karkara yakan kai faɗin kilomitoci.

Na biyu, akwai bambanci tsakanin abin da saƙo ya ƙunsa da bayanan da ke kewaye da shi. Misalinsa wasiƙa ce a cikin ambulan. Abin da ke ciki shi ne maganar. Abin da ke bayan ambulan shi ne wa ya aika, wa aka aika wa, yaushe, daga ina. A waya, bayan ambulan ya haɗa da lambar da aka kira, lokacin kiran, tsawonsa, da ƙarfen sabis ɗin da ya ɗauke shi. Yawancin gardamar majalisa a kan cikin wasiƙa take, alhali mai bincike sau da yawa bayan ambulan ya ishe shi.

1. "In an canza layi, an ɓace"

Wannan ra'ayi ya samo asali ne daga farkon zamanin GSM. A 2001, lokacin da MTN da Econet suka fara aiki a Najeriya, da shekarun da suka biyo baya, ana sayen layi ba tare da an rubuta sunan kowa ba. Wannan zamani ya wuce. A 2011 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fara rajistar layuka da hoto da zanen yatsa. A Oktoban 2015 ta ci tarar MTN naira tiriliyan 1.04 saboda rashin katse layuka miliyan 5.2 da ba su da cikakkiyar rajista, wato naira 200,000 a kan kowane layi, kafin a sasanta a kan naira biliyan 330 a 2016. A Disamban 2020 ma'aikatar sadarwa a ƙarƙashin Isa Ali Pantami ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, kuma a Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 72 yin kira saboda ba a haɗa su ba.

Ko da a ce layin ba da sunan mai shi aka yi masa rajista ba, cire shi a sa wani a waya ɗaya bai ɓatar da sawu ba, domin IMEI na nan yadda take. In an canza wayar ma, ɗabi'a ba ta canzawa: sabon layin zai kira mahaifiya ɗaya da abokai ɗaya, ya kwana a unguwa ɗaya. Wannan kaɗai kan isa a gane mutum.

A Fabrairun 2020 ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta fitar da rahoto kan yadda 'yan sandan Najeriya suka yi amfani da bayanan kira wajen kama 'yan jarida. Hanyar ba ta buƙatar sauraron kowa. Ana duba lambobin da ɗan jarida ya fi kira, a kama ɗaya daga cikin masu su, sannan a sa shi ya kira shi ya zo.

2. "Gwamnati na karanta WhatsApp", ko "Ba mai iya karanta WhatsApp"

Masu waɗannan ra'ayoyi biyu sukan kwana suna musu, kuma kowannensu ya riƙe rabin gaskiya.

Tun Afrilun 2016 WhatsApp ke kulle saƙonni da kira daga waya zuwa waya, da tsarin da aka aro daga manhajar Signal. Ma'anarsa ita ce saƙo na fita a kulle daga wayar mai aikawa, ba ya buɗewa sai a wayar mai karɓa. Kamfanin sadarwa ba ya iya karanta shi a hanya, shi ma kamfanin Meta mai WhatsApp ba ya iyawa. Kiran waya na yau da kullum da saƙon tes ba su da wannan kariya, suna bi ta na'urorin kamfanin sadarwa a yanayin da za a iya kama su. Telegram, wadda wasu ke ɗauka ta fi sirri, ba ta yi wa hira irin wannan kulli sai an zaɓi hirar sirri da gangan, kuma zaurukanta ba su da shi.

Sai dai kullin yana kare saƙo ne a hanya kawai. Akwai ƙofofi huɗu da bai rufe ba. Ta farko, bayan ambulan: WhatsApp ta san lambar mai amfani, irin wayarsa, adireshin intanet da ya shigo da shi, da zaurukan da yake ciki. Ta biyu, kwafin hira da ake ajiyewa a Google Drive ko iCloud, wanda ba ya samun cikakken kulli sai mai waya ya kunna shi da kansa, zaɓin da aka samar a 2021. Ta uku, wayar kanta: duk wanda ya riƙe ta a buɗe ya ga komai. Ta huɗu, kuma mafi faɗi, mutanen da aka tura wa saƙon. Zaure mai mutum ɗari biyu dandali ne, kuma da ɗan gari akan ci gari.

Game da gwamnati, akwai abin da aka sani a rubuce. A ƙaramin kasafin kuɗi na Yulin 2021, Majalisar Tarayya ta amince da kimanin naira biliyan 4.8 ga Hukumar Leƙen Asiri ta Ƙasa, NIA, domin kayan sa ido kan WhatsApp da wayoyin Thuraya masu aiki da tauraron ɗan adam. A Disamban 2020 cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto ta sanya Najeriya cikin ƙasashen da ta ga alamun suna amfani da kayan kamfanin Circles, waɗanda ke bin raunin tsohon tsarin haɗa kamfanonin waya don gano inda mutum yake da kama kira da tes. Akwai kuma manhajojin leƙen asiri irin su Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila, waɗanda ba sa fasa kullin, sai dai su shiga cikin wayar su karanta saƙo bayan ya buɗe. A 2019 WhatsApp ta kai NSO ƙara kan kutsen da aka yi wa kimanin mutum 1,400 a ƙasashe daban-daban. Irin wannan kaya na da tsadar gaske, ana auna shi ne kan zaɓaɓɓun mutane. Ga mafi yawan jama'a, mai ɗaukar hoton fuskar waya a cikin zaure ya fi Pegasus kusa.

3. "Mai VPN ba a ganinsa"

Matasan Najeriya da yawa sun san VPN ne a Yunin 2021. A ranar 4 ga watan gwamnatin Muhammadu Buhari ta sanar da dakatar da Twitter, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasa, kuma ba a ɗage dakatarwar ba sai 13 ga Janairun 2022. A tsawon waɗannan watanni bakwai VPN ce ta ba mutane hanyar shiga. Daga baya, a Yulin 2022, Kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa dakatarwar ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki.

Abin da VPN ke yi shi ne ta kulle zirga-zirgar intanet ta mai waya, ta bi da ita ta wata kwamfuta a wani wuri, sau da yawa a wata ƙasa. Kamfanin sadarwa sai ya daina ganin shafukan da ake shiga, shi kuma shafin da aka shiga ya ga adireshin waccan kwamfutar. Iyakar aikinta ke nan. Ba ta ɓoye waya daga ƙarfen sabis, ba ta taɓa kira ko tes, kuma kamfanin sadarwa na iya gane cewa ana amfani da ita. Wanda ya shiga Facebook da sunansa da hotonsa, VPN ba ta mayar da shi baƙo ba. Sannan abin da aka ɓoye wa kamfanin sadarwa an miƙa shi ne ga mai VPN ɗin. Idan ta kyauta ce, ya dace a tambayi da me mai ita ke biyan kuɗin kwamfutocinsa, domin da yawansu da talla da bayanan masu amfani suke ci.

Haka nan akwai bambanci tsakanin toshe shafi da kashe sabis. A Chadi, inda aka toshe kafofin sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019, VPN ta yi amfani, domin intanet na nan. Amma a Satumban 2021, lokacin da NCC ta umarci kamfanoni su kashe sabis a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma faɗaɗa matakin zuwa sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, babu manhajar da ta yi wa kowa rana. Mutane sun riƙa tafiya garuruwan maƙwabta don yin kira ko tura kuɗi. Haka aka yi a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, haka kuma mutanen Nijar suka gani a Fabrairun 2021, da aka katse intanet ta waya kimanin kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. Inda aka rufe rijiya, tsawon guga ba ya amfani.

Ƙanwar wannan ra'ayi ita ce yarda da shafin sirri na manhajar bincike, wanda Chrome ke kira Incognito. Abin da yake yi kawai shi ne hana wayar ajiye tarihin shafukan da aka buɗe. Yana kare mutum daga ƙaninsa mai aron waya, ban da kamfanin sadarwa ko shafin da aka ziyarta.

4. "Waya na sauraron hirar mutane"

Wannan shi ne ra'ayin da ya fi samun shaidu, domin kusan kowa na da labarin tallar da ta zo daidai da hirarsa. A 2018 masu bincike a Jami'ar Northeastern ta Amurka sun gwada manhajojin Android sama da 17,000, ba su sami wadda ke kunna makirufo a ɓoye tana aika murya ba. Abin da suka samu shi ne wasu na ɗaukar hoton abin da ke kan fuskar waya suna aika wa wasu kamfanoni.

Bayanin tallar ya fi saurare sauƙi, ya kuma fi shi tayar da hankali. Kamfanonin talla sun san abin da mutum ya nema a intanet, da bidiyon da ya tsaya a kansa, da wuraren da ya je, da waɗanda yake abota da su. Shafuka da manhajoji da yawa na ɗauke da 'yan na'urorin bin sawu na Meta da Google, masu kai rahoton abin da aka duba. Idan aboki ya nemi takalmi a wayarsa, kuma bayanai sun nuna su biyun na yawan zama wuri ɗaya, ba abin mamaki ba ne tallar ta biyo ɗayan. Ga kuma halin ɗan adam: yana tuna talla ɗaya da ta dace, ya manta ɗari da ba su dace ba.

Duk da haka makirufo ba abin sakaci ba ne. A 2019 Apple da Google da Amazon sun amince cewa akwai ma'aikata da ke sauraron wani ɓangare na muryoyin da manhajojinsu masu karɓar umarnin baka suka ɗauka. Kuma manhajar da aka ba izinin makirufo na iya amfani da shi. Shi ya sa iPhone tun 2020, da Android tun fitowa ta 12 a 2021, suke nuna ɗan ɗigo a saman fuskar waya duk lokacin da makirufo ko kyamara ke aiki. Haɗarin ya fi yawa a manhajojin da ake turawa hannu da hannu ba daga rumbun Google ko Apple ba, irin su GB WhatsApp, wadda ba kamfanin WhatsApp ne ya yi ta ba, kuma babu mai lamunin abin da aka cusa a cikinta.

5. "Ai na goge"

Magana zarar bunu ce, kuma intanet ta ƙara wa karin maganar ƙarfi. Goge saƙo ga kowa a WhatsApp na cire shi daga hirar, amma ba ya cire hoton fuskar waya da wani ya riga ya ɗauka, ko kwafin da aka riga aka tura gaba. Hoton da aka goge a waya yakan zauna a kwandon shara na kwana talatin ko fiye, wani lokaci kuma kwafinsa na can a Google Photos ko iCloud. Akwai na'urorin binciken waya, irin na kamfanin Cellebrite, da ake sayar wa hukumomin tsaro don kwashe abin da ke cikin wayar da aka ƙwace, har da wani ɓangare na abin da aka goge. A Janairun 2019, lokacin da sojoji suka kai samame ofisoshin jaridar Daily Trust a Abuja da Maiduguri, kwamfutoci na cikin abin da suka tafi da shi.

Hoto ma na da nasa bayan ambulan. Kyamarar waya kan rubuta ranar ɗauka da irin wayar a cikin hoton, har da wurin da aka ɗauka idan an ba ta izini. WhatsApp na share waɗannan bayanai idan an tura shi a matsayin hoto, amma suna tafiya tare da shi idan an tura shi a matsayin fayil. Mai tsegunta wa ɗan jarida takarda ya kamata ya san wannan.

Abin da aka wallafa a fili kuwa ba ya buƙatar wani leƙen asiri. A Nuwamban 2022 an kama wani ɗalibin jami'a a Jigawa kan saƙon da ya wallafa a Twitter watanni kafin nan game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, kafin a janye ƙarar bayan ƙorafin jama'a. A wannan watan ne kuma wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu hukuncin bulala da tara kan bidiyon barkwanci da suka yi a TikTok game da gwamnan jihar na lokacin.

6. "Ni ba kowa ba ne, wa zai damu da wayata?"

Mai wannan magana yana tunanin jami'an tsaro ne, ya manta da 'yan kasuwa da ɓarayi. Manhajojin ba da bashi sun nuna darajar wayar talaka. Mai neman rancen naira dubu goma yakan ba su izinin ganin lambobin da ke wayarsa, in ya makara da biya sai a aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci. A Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 kan irin wannan aiki, kuma daga ƙarshen Mayun 2023 Google ta hana manhajojin bashi neman izinin lambobi da hotuna.

Layin waya a yau makullin asusun banki ne. Da shi ake tura kuɗi ta gajerun lambobin banki, ta kansa lambar tabbatarwa ke zuwa. Ɓarawon waya sau da yawa katin sim yake nema, domin yana iya cire shi ya sa a wata waya ko da ta farko a kulle take. Layin da aka yi watsi da shi ya daɗe kuma kamfani kan sake sayar da shi, saƙonnin bankin tsohon mai shi su riƙa zuwa wa sabon. Ga kuma 'yan damfara masu kira da sunan taron zaure ko tallafin gwamnati, su nemi a karanto musu lambobi shida da suka shigo ta tes. Waɗannan lambobi su ne makullin WhatsApp, wanda ya bayar da su ya bayar da sunansa a yi bara da shi. A Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wasu shafuka na sayar da bayanan NIN na 'yan ƙasa a kan naira 100, duk da cewa hukumar NIMC ta musanta an kutsa rumbunta.

7. "Waya mai tsada ba a kutsa mata"

Musun masu iPhone da masu Android ba ya ƙarewa. Gaskiya ne iPhone da manyan wayoyin Android na samun gyaran tsaro na shekaru masu yawa, yayin da ƙananan wayoyi masu araha kan daina samu da wuri. Amma Pegasus ta shiga iPhone, kuma waya mai tsada da ba a sabunta manhajarta ta fi mai araha da ake sabuntawa rauni. Abin dubawa wajen saye, musamman ta hannu, shi ne ko har yanzu kamfanin na aiko mata da sabuntawa.

Sannan babu tsadar da ke kare wayar da aka miƙa a buɗe. A kasuwannin waya irin su Farm Centre a Kano da Banex a Abuja, da rumfunan caji da rashin wuta ya yawaita a kowace unguwa, dubban wayoyi na wuni a hannun waɗanda ba masu su ba. Mafi yawan masu gyara da masu caji mutanen kirki ne masu neman halal, sai dai gyaran fuska ko wurin caji ba kasafai yake buƙatar lambar buɗe waya ba, kuma mai waya na da ikon tsayawa a gwada a gabansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba da kariya ga sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da hirarsu ta waya. Sashe na 45 kuma ya ba da damar taƙaita wannan 'yanci saboda tsaro da zaman lafiya, kuma ta wannan ƙofa sauran dokoki suka shigo.

Dokar Laifukan Intanet ta 2015, a sashe na 38, ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan zirga-zirga da na masu layi na tsawon shekara biyu, su kuma miƙa su idan hukumar tsaro ta nema. Ƙa'idojin kama sadarwa da NCC ta fitar a 2019 sun ce sauraron kira na buƙatar sammacin alƙali, amma sun yarda a fara ba tare da shi ba a halin gaggawa, muddin an nemi sammacin cikin awa 48. Sashe na 24 na dokar 2015, wanda aka fi amfani da shi wajen gurfanar da 'yan jarida da masu suka, Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin magana, kuma an yi masa gyara a Fabrairun 2024, aka cire kalmomi irin su ɓata rai da cin fuska. Duk da gyaran, ana ci gaba da kama mutane da sunansa.

A ɗaya ɓangaren, Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin shekarar, ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ba kowane mutum ikon tambayar kamfani bayanan da ya tara a kansa, da neman a gyara ko a goge su, da kai ƙara idan an yi amfani da su ba bisa ƙa'ida ba. A Yulin 2024 hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda take sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kuma kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025.

Matakan da ke hannun mai waya

Kulle waya da lambobi shida ko fiye, waɗanda ba ranar haihuwa ba. A wurin gangami ko shingen bincike lamba ta fi zanen yatsa, domin yatsa ana iya kama shi a ɗora.

Sanya wa katin sim lambar sirri, tare da adana lambar PUK da ke jikin katin da aka sayi layin da shi.

Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da imel da Facebook, da ƙin karanta wa kowa lambar da ta shigo ta tes.

Kunna kullin kwafin hira, da sa saƙonni masu ɓacewa da kansu a hirar da ke da nauyi.

Duba izinin manhajoji lokaci zuwa lokaci. Tocila ba ta da hulɗa da lambobin mutane.

Rubuta IMEI a takarda a ajiye a gida, da cire layin da aka daina amfani da shi daga asusun banki.

Waɗannan matakai na rage ɓarnar ɓarawo da ɗan damfara da mai leƙe. Ba sa hana kamfanin sadarwa sanin inda waya take, ba sa kuma hana hukuma neman bayanan kira. Wannan ɓangare sai dai doka ta tsare shi, kuma tambayoyinsa na siyasa ne: sau nawa hukumomi ke neman bayanan masu layi a shekara, wane alƙali ne ke sa hannu, wa ke duba yadda aka kashe kuɗin kayan sa ido, kuma wa ke biyan asarar ɗan kasuwar Gusau idan aka kashe sabis. 'Yan majalisar da suka amince da kasafin 2021 da gyaran dokar 2024 zaɓaɓɓu ne, kuma duk wanda ke kan kujera a cikinsu yana da mazaɓa da ofishin da za a iya kai masa waɗannan tambayoyi.